Yalwa da Rijiyar Shuni Marar Ƙasa

A wani zamani da ya shuɗe, an yi wani gari ana ce masa Birnin Maishuni. Ba don dawaki ko yaƙi aka san shi ba, sai don rini. A tsakiyar karofin garin akwai wata rijiyar rini da ba a taɓa ganin ƙasanta ba. An sha ɗaura muciya a kan muciya a zura, ba a taɓa komai ba. Ba a zuba mata baba, ba a zuba mata toka, amma kullum ruwanta shuɗi ne ƙirin, yana kumfa. Kowa a garin ya san ƙofa ce ta ƙasar aljannu, kuma ta nan aka kawo wa Sarki Anaruwa amarya.

Sarkin aljannun nan, Zurfau, 'ya ɗaya gare shi, sunanta Shuɗiya. Gidajen biyu suka ƙulla aure don a zauna lafiya, bisa sharaɗi: ɗan fari na gidan uba ne, na biyu na gidan uwa, kuma ran da aka yaye na biyun, uwar za ta koma da shi ƙasarsu, ba ta sake fitowa. Da aka ɗaura auren, ango da amarya ba su san juna ba, sharaɗin bai dame su ba. Kafin a yi haihuwar fari sun shaƙu, har ba ya iya cin tuwo sai tana zaune. Aka haifi mace, aka sa mata Yalwa. Bayanta aka haifi namiji, Arzika. Ran da aka yaye shi, Shuɗiya ta goya shi, ta tsaya bakin rijiyar ta waiwayo sau ɗaya, ta shige. Yalwa tana ƙarama a lokacin. Wannan waiwayen ne kaɗai abin da ta riƙe na fuskar uwarta.

Sarki bai ƙara aure ba. Yalwa ta girma a gefen gadonsa, aka naɗa ta Magajiya. Da idonsa ya soma rauni, ita ke sauraron ƙara, ita ke raba rigimar marina da mabuga, ita ta sa aka cika rumbuna shekarar da ruwa ya ɗauke aka yi fari. Da yake 'yar fari ce, bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai ya ce Magajiya.

Sai ciwo ya kwantar da shi. Labari ya kai Tudun Ƙaya, inda Sarki Gagare yake auren ƙanwar Anaruwa. Gagare ya aiko manzo cewa tunda babu ɗa namiji a gida, sarautar ta faɗo wa matarsa, shi kuwa shi ne mijinta. Bai jira amsa ba, ya taso da runduna ya sauka a bayan ganuwa.

Masu zaɓen sarki suka taru, Waziri ya ce wa Yalwa, "Ranki ya daɗe, Magajiya, ba mu raina aikinki ba. Amma garin nan bai taɓa naɗa mace ba. Akwai ɗa a ƙarƙashin rijiya, ba kuwa mai iya shiga sai mai jinin aljannu."

Ta ce, "Zan je."

Da hantsi ta shiga sallama da uban. Ya laluba ya kama hannunta, ya ce, "Magajiya, su ɗa suka aike ki nema. Ni nawa saƙon daban ne. In kin ga uwarki, ki ce mata ban manta ba. Shi ke nan. Kada ki roƙe ta ta zo, ba ta da iko."

Yalwa ta ɗaura ɗamara, ta yi bisimilla, ta faɗa rijiyar. Ruwan bai shaƙe ta ba. Ta yi ta nutsewa cikin shuɗi, daga mai haske zuwa mai duhu, har ƙafarta ta taɓa ƙasa. Ta ɗaga kai, sai ta ga ruwan nan shi ne samaniyar wurin. Gabanta fili ne iya ganin ido, an shanya riguna a kan igiyoyi, ba kowa cikinsu, amma suna ta ɗaga hannu suna gaisawa da juna.

Wani aljani ya taso daga cikin shanyar, tsawonsa kamar giginya, riƙe da muciya. Ya buga muciyar a ƙasa, ya ce, "Tsaya nan, ya ke 'yar Adam! Wa ya nuna miki ƙofa, wa kuma ya ba ki izinin taka ƙasar Zurfau?"

Ta durƙusa ta ce, "Gafara dai, mai tsaron hanya. Ni ce Yalwa, 'yar Anaruwa, 'yar Shuɗiya. Gidan kakana na zo."

"Baki yana faɗin abin da ya ga dama. Jini ne ba ya ƙarya."

Ta zare allurar da ke gashinta ta soki yatsa. Ɗigon farko ya fito ja, na biyu ya fito shuɗi. Aljanin ya tsugunna har kansa ya zo daidai nata, ya duba, ya ce, "Wallahi jinin gida ne. Wuce, jikar sarki. Amma hanya ba ta san jika ba. Gabanki akwai mabuga, bayansu akwai Farin Kogi. Allah ya kai ƙafa."

Ba ta yi nisa ba ƙasa ta soma tsalle a ƙarƙashinta. Ta shiga wani kwari inda ƙartin aljannu ke zaune jere, hagu da dama, suna bugun turkuɗi da guduma kowace kamar turmi. Makafi ne duka, kuma hanyar ta bi ta kan gungumen da suke bugu a kai. Ta yi sallama, ba wanda ya ji. Ta tsaya tana saurare. Ta tashi da wannan kiɗan tun tana yarinya, don bayan fadar ubanta mabuga suke. Da ta kama tafiyarsa, sai ta shiga, tana taku in guduma ta tashi, tana tsayawa in ta sauka. A tsakiya takalminta ɗaya ya zame, guduma ta niƙe shi. Ta yar da ɗayan. Gungumen yana da zafi kamar dutsen da ya sha rana, fatar ƙafarta ta yi bororo ta fashe, amma ba ta ɓata taku ba har ta fita.

Daga nan ta iske Farin Kogi. Ruwansa ba shi da launi, abin da ya taɓa shi duk sai ya koma fari. Wata tsohuwar aljana tana zaune cikin kwalekwale, ita da kwalekwalen duk fari fat.

Yalwa ta ce, "Sannu da aiki, Iya. A taimaka a haye da ni."

Tsohuwar ta ce, "Ba na karɓar zinariya, 'yar nan, ba na karɓar wuri. Abin da mutum ya fi ɓoyewa a ransa nake karɓa, in wanke shi a kogi. Me ke gare ki?"

Yalwa ta kau da kai. Ta ce, "Ina da daɗin ranar da aka naɗa ni."

"Wannan ba ki damu da shi ba."

"Ina da muryar ubana."

"Ita kam tana nan, za ki koma ki tarar. Kada ki yi mini wayo. Akwai wata mace da ta waiwayo a bakin rijiya."

Yalwa ta ce, "Iya, shi ke nan abin da nake da shi nata. In kin karɓe, da me zan gane ta?"

"Ba ni na aiko ki ba."

Ta tuna uban da ke kwance da rundunar da ke bayan ganuwa. Ta rufe ido ta dubi fuskar nan da kyau, sannan ta ce, "Karɓa." Tsohuwar ta ɗebi ruwa ta shafa mata a goshi. Da ta buɗe ido, tana tuna goyon, tana tuna zanen, amma inda fuska take sai fari. Ta yi kuka har suka kai gaɓa. Da za ta sauka, tsohuwar ta gyara mata ɗankwali.

Birnin Zurfau a kan tudu yake, ganuwarsa tana ƙyalli kamar sabon bugu. Aka kai ta gaban sarki. Tsoho ne ƙwarai, gemunsa ya sauka ya naɗe a ƙafar gado. Ya dube ta ya yi murmushi, ya ce, "A'a, amaryata ce ta zo ba takalmi? Mutanen sama sun talauce ke nan."

Ta faɗi ta yi gaisuwa, ta ce, "Ranka ya daɗe, Kaka, angon da bai taɓa aiko da ko goro ba ai ba ya ƙorafin takalmi."

Ya yi dariya har fadar ta girgiza. Sannan fuskarsa ta sauya. Ya ce, "Na san abin da ya kawo ki. Ba a yin maganar gado da baƙo. Ki nuna mini uwarki tukuna, in kin iya. In kin nuna wata, ƙofa tana bayanki."

Ya tafa hannu. Mata suka shigo suka cika zauren, tsayinsu ɗaya, lulluɓinsu ɗaya, suka buɗe fuska. Duk kyawawa ne, duk matasa, don aljannu ba sa saurin tsufa. An hana kowace yin magana ko alama. Yalwa ta bi su ɗaya ɗaya tana duba, ba ta ga komai ba. Ta kai ƙarshen layi ta dawo. Ƙafafunta suna barin jini a dandamali, ja da shuɗi. A zagaye na gaba santsin jinin ya kwashe ta, ta tafi za ta kifa da fuska.

"Yalwa!"

Wata daga can baya ce ta yi ƙarar, ta ture na gabanta, ta tare ta kafin ta kai ƙasa. Uwa ta kira sunan 'yar fari a gaban jama'a, ta kuma karya dokar sarki. Shuɗiya ba ta kula ba. Ta zauna a ƙasa, ta ɗora ƙafafun a cinyarta, ta yage bakin mayafinta tana ɗaurewa, tana cewa, "Wa ya bar ki kika bi ta mabuga? Wa ya bar ki?"

Yalwa ta ce, "Inna, ban gane ki ba. Na sayar da fuskarki a kogi."

"To ga ta nan, duba. Duba iya son ranki."

Sarki Zurfau ya daɗe yana jan gemu. Ya ce, "Ba ita ta nuna ba, an nuna mata. Amma ni ma uba ne. A bar shi haka. A kira Yarima."

Arzika ya shigo, dogo, da tafiyar Anaruwa sak, har yadda yake karkata kafaɗa. Ya durƙusa gaban yayarsa ya ce, "Yaya, sannu da hanya. Inna tana ba ni labarinki tun ban iya magana ba."

Yalwa ta faɗi abin da ke tafe da ita, ba ta rage komai ba. Da ta gama, Zurfau ya ce, "Saurara, jikata. Ni ma na tsufa, ga ni a bakin hanya, kuma wannan yaron shi kaɗai ne magajina. In ya fita ya taka ƙasarku, jininsa na nan zai mutu, ƙofa ta rufe masa. Manyan aljannun ƙasar nan za su yi yaƙi a kan gadona, kuma yaƙinmu ba ya tsayawa a ƙasa, har rijiyoyinku sai sun ƙafe. Ban hana shi ba, ya girma. Amma ku san abin da kuke saye."

Arzika ya zauna kusa da yayarsa. Ya ce, "Yaya, tun da idon Baba ya raunana, wa ke shari'a?"

"Ni."

"Shekarar fari wa ya ciyar da gari?"

"Allah ne. Ni dai na sa an cika rumbu."

"Ni ban san sunan unguwa ko ɗaya a garinku ba. Ban san yadda ake gaida manomi ba. In sun naɗa ni, rawani kawai za su naɗa, ke za ki ci gaba da aikin." Ya juya ga kakansa. "Ranka ya daɗe, da bakinka aka yi sharaɗin. An ce ɗan fari namiji?"

Zurfau ya ce, "An ce na fari na gidan uba. Ba a ƙara komai ba."

Yalwa ta ce, "Ba za su yarda ba, Arzika."

"Za su ji daga bakina. Zan iya tsayawa cikin rijiya ban taka ƙasa ba."

Ta dube shi. Duk tsawon hanya ta ɗauka ta zo ne ta miƙa wa wani abin da ta raina da hannunta, kuma ta riga ta haƙura. Sai ta dafa kansa kamar yaro.

Sannan ta juya ga uwarta ta ce, "Inna, akwai saƙonki. Ya ce in gaya miki bai manta ba. Ya ce kada in roƙe ki komai."

Shuɗiya ta ce, "Yana cin abinci?"

"Kaɗan. Sai an matsa masa."

"Haka yake tun da." Ta tashi ta je gaban ubanta ta durƙusa. "Baba, na cika alkawarin gida. Na kawo maka magaji, na raine shi, ga shi ya isa. Ka sallame ni."

Zurfau ya ce, "Kin san hukuncin. Wadda ta fita karo na biyu ta zama 'yar Adam. Shekarun da kika tsallake duk za su hau kanki, ki tsufa, ki mutu, a binne ki a ƙasar da ba tamu ba. Mutumin nan kuma kwanansa kaɗan ne."

"Shi ya sa nake sauri."

Tsohon ya rufe fuska da hannun riga. Can ya ce, "Na aurar da ke don in sami zaman lafiya da maƙwabci. Ban san miji na ba ki ba. Tashi, Allah ya yi miki albarka." Arzika ya riƙe hannun uwarsa, bai saki ba har suka fita daga birnin.

Sarki ya ba su wata doguwar riga daga filin shanya, ta ɗauke su su uku, ta tsallake kogi da kwari, ta yi sama da su cikin ruwan. Suna hawa, Yalwa tana kallon uwarta. Furfura ta soma fitowa a gefen kunne, ta bazu. Fatar wuya ta saki, bayan ya ɗan rankwafa. Shuɗiya ta dubi hannuwanta ta ce, "Ashe haka ake yi."

Rana tana tsaka suka ɓullo. Karofi ya cika da mutane, ga masu zaɓen sarki, ga manzon Gagare da ya zo karɓar amsa. Yalwa ta fito, ta jawo wata tsohuwa. Sai wani saurayi ya taso daga ruwan zuwa ƙugu, ya tsaya. Tsofaffin marina suka ga fuskar Anaruwa na ƙuruciya, suka zube.

Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, fito, gadon ubanka yana jira."

Arzika ya ce, "Ku saurara, dattawan Maishuni. Ni ne ɗan da kuka aika a nemo. Ina da gadon da zan hau, ba wannan ba ne. Wannan na ɗan fari ne tun ran da aka ɗaura auren iyayenmu, kuma ɗan farin ga ta nan tsaye, ta yi muku aiki kuna kallo. In kun ce maganar namiji kuke ji, to ga namiji yana magana." Ya miƙo hannu biyu ya kama hannun yayarsa, ya sunkuyar da kai. "Na yi mubaya'a. Allah ya ja zamaninki." Ya dubi manzon ya ce, "Kai kuma ka gaya wa mijin gwaggonmu, wanda ya taɓa garin yayata ya taɓa ni. Ya dubi tafin hannunsa."

Manzo ya koma sansani ya tarar kowane mayaƙi, har Gagare, hannunsa ya rine shuɗi zuwa gwiwar hannu, an wanke da toka an wanke da yashi ya ƙi fita. Kafin la'asar sun kwashe tantuna. Waziri kuwa ya dubi 'yan'uwansa, ya cire takalmi, ya durƙusa gaban Yalwa, sauran suka bi.

Arzika ya rungumi uwarsa daga cikin ruwan. Ya ce, "Inna, ki gaida Baba. Ki ce masa an ce tafiyarmu ɗaya." Ya nutse a hankali yana kallonsu.

Shuɗiya ba ta jira a yi mata iso ba. Ta san hanya. Ta shiga ɗakin, ta zauna bakin gado. Sarki ya ce, "Wa ke nan? Magajiya ce?"

Ta ce, "An ce ba ka cin abinci."

Numfashinsa ya tsaya kamar ba zai dawo ba. Ya ɗago hannu, ya shafa fuskarta, ya bi tamojin goshi da yatsa, ya taɓa gashin. Ya ce, "Kin tsufa."

"Na biyo ka ne. Ka yi mini nisa."

"Me kika yi wa kanki, Shuɗiya?"

"Abin da na so. Tashi ka sha kunu."

Ya sha. Ya ƙara damina ɗaya a duniya, har aka fito da shi ya ji tambarin naɗin 'yarsa da kunnensa. Kullum da hantsi ana shimfiɗa musu tabarma a gindin ɗorawar tsakar gida, yana ba ta labarin abin da ya faru bayanta, tana ba shi labarin yadda ɗansu ya koyi tafiya. Bayan an girbe gero ya rasu, kansa a cinyarta.

Shuɗiya ta zauna wurin 'yarta. Wata rana Sarauniya Yalwa ta taso daga fada ta same ta zaune a ƙofar ɗaki, tana riƙe da gwiwa, fuska a yamutse.

"Inna, lafiya?"

"Wani abu ne ke cizona a nan ciki. Ko an yi mini jifa ne?"

Yalwa ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ta ce, "Ba jifa ba ne, Inna, ciwon gwiwa ne. Duk tsoho yana da shi." Ta tuɓe alkyabba ta ajiye, ta ɗauko man shanu, ta ɗora ƙafar a cinyarta tana murzawa.

Tsohuwar ta dubi ɗorawa. Can ta ce, "Shi ma ya yi wannan?"

"Ya daɗe yana yi."

"Wa ke shafa masa?"

"Ni."

Shuɗiya ta ɗora hannu a kan 'yarta, ta bar shi a nan. Ta ce, "To shafa da kyau, Yalwa. Ɗayar ma ta fara."